Ranar da Baba Ya Shafe Lissafin Gwamnati da Farar Ƙasa

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga kai, ina jin ranar da aka zo duba aikin taubashina a gidanmu na Tambuwal za ta yi saura. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna ta nakan tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, wani lokacin ma ina tsaka da yi wa mutum allura. Ban taɓa haɗa dariya da fargaba da tausayi a wuni guda kamar yadda na haɗa su ran nan ba.

Taubashin nawa ɗan ƙanwar Babana ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai Baba ya ɗauko shi daga Fakku, inda gwaggo take zaune cikin dangin mijinta masu noma da kiwon shanu, ya kawo shi gidanmu ya sa shi makaranta. Tare muka tashi. Kun dai san tsakanin ɗan mace da ɗiyar namiji babu jin nauyi, wasa ne da tsiya har a tsufa. Shi mutum ne mai shiru-shiru, ni kuwa Allah ya hore mini baki, saboda haka kullum ni ce a sama. Ya yi ta karatu har ya zama malamin lissafi a jami'a, gari duka ya koma kiransa Dakta. Ni kuma na zama ma'aikaciyar lafiya a wani ɗan ƙaramin asibiti a yankin Kebbe.

Gwamnati tana da wani asusu na tallafa wa masu bincike a jami'o'i. Dakta ya nema, Allah ya ba shi sa'a. Abin da aka ba shi ba gini ba ne, ba kuma inji ba. An rage masa koyarwa, an saya masa littattafai, an ɗauki nauyin zuwansa taron masana, sannan aka bar shi ya zauna ya yi tunani. Da na ji haka na kasa haƙuri, na titsiye shi ya gaya mini wane irin tunani ne wannan da har ake biyan mutum ya yi.

Ya ce, "Akwai wani lissafi da masana ka aiki da shi wurin kwatanta motsin ƙananan abubuwan da ido ba shi gani. Kowa na amfani da shi, amma ba wanda yat tabbatar amsatai guda ta tak. Shi nika son in tabbatar."

Na ce, "To in biyu ta fa?"

"Sai mu san biyu ta."

"Sannan a yi mi da ita?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yanzu dai ba a yin komi. An dai sani. Wataƙila jikokinki su ga amfaninta."

Na ce masa lalle gwamnati tana da haƙuri, ni ko akuya ba zan ba wa mutum kiwo a kan irin wannan alkawari ba.

A shekarar da nake ba ku labari jami'o'i sun shiga dogon yajin aiki, sai Dakta ya tattaro littattafansa ya dawo gida. Gidanmu yana da zaure na biyu wanda ba kowa ke zama ciki ba, bangonsa shafen siminti ne mai santsi. Nan ya mayar allonsa. Da alli yake rubutu, daga inda hannunsa ya iya kaiwa sama har ƙasa kusa da daɓe, bango bayan bango. Yana da kwamfuta, amma ya ce ba ya zuba mata sai abin da ya nuna, ɗanye kuwa a bango yake zama. Wani lokacin sai ya wuni a tsaye gaban layi ɗaya, hannu a ƙugu, abincinsa ya huce kaji su yi ta shawagi a kansa. Maƙwabta suka fara tambayar Inna a asirce ko lafiya. Wata tsohuwa da ke bayan gidanmu ma ta taɓa zuwa da ƙwarya, wai a wanke mata ɗan gefen rubutun ta ba jikanta ya sha, zai zauna jarrabawa.

Baba bai taɓa yarda da wannan aikin ba. Yana son Dakta kamar ransa, amma ciwon da ke cinsa shi ne wani kamfani a Legas ya taɓa neman yaron da albashi mai tsoka da mota, ya ƙi. Sun yi ta kai ruwa rana har suka tsaya a kan magana guda. Tallafin kashi biyu ne. In an gama kashin farko za a aiko masani ya duba, in ya gamsu a ci gaba, in bai gamsu ba a yanke. Dakta ya yi wa Baba alkawari da bakinsa cewa in aka yanke, zai ajiye alli ya tafi Legas. Ni na san abin da wannan alkawari yake nufi a wurinsa. Tun yana saurayi yake bin wannan tambaya, raba shi da ita kuwa tamkar raba shi da numfashi ne.

To ga abin mamaki. Da aka bugo waya aka ce mai duban za ta zo har Tambuwal tunda jami'a a rufe take, Baban da ke addu'ar a yanke shi ne ya fi kowa tashi tsaye. Ya ce shi dai ba za a zo gidansa a kunyata ɗansa ba, in za a tafi Legas a tafi da mutunci.

Nan ya kamata in gaya muku ko wane ne Baba. Ya yi shekaru masu yawa a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya, ba zan faɗi wacce ba don abokan aikinsa suna da jikoki masu karatu. In ana maganar tarbar masu duba aiki, Baba gwani ne na gwanaye. Ya san yadda ake shafa wa duwatsun bakin hanya da gindin itatuwa farar ƙasa. Ya san yadda ake kwasar bencina daga makarantar da baƙi suka bari, a bi ta hanyar gona da su, a riga baƙin isa makaranta ta gaba. Ya san yadda tankar ruwa ke kai wa rijiyar burtsatse ziyara da sassafe don famfo ya yi magana a gaban manya. Shi a ganinsa wannan ba ha'inci ba ne, mutunta baƙo ne. Wanda ya taso daga nesa, in ji shi, bai kamata ya koma bai ga komai ba.

Ana saura kwanaki kaɗan Dakta ya tafi Fakku gaida gwaggo da neman addu'arta, daga can zai wuce Sakkwato ya tarbo baƙuwar su taho tare. Ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba Baba ya bugo mini waya ina wurin aiki.

"Ke, kuna da fararen rigunan nan na likitoci da ba a sawa?"

Na ce, "Akwai tsofaffi, Baba. Mi za a yi da su?"

"Da madubin nan na duba jini, da kwalabe, da duk abin da ka ƙyalli. Ƙaƙa za a ce mutum shina bincike, a zo a iske shi da alli awa malamin firamare? Ki taho da su. Kuma kada ki gaya mai."

Na san sarai mai lissafi ba shi da abin yi da madubin duba jini. Amma ku gaya mini, wace taubashiya ce za ta samu irin wannan dama ta bari ta wuce? Tun a lokacin na fara hango fuskar Dakta. Na roƙi mai kula da sito ya ara mini wani tsohon madubi da ya daɗe da mutuwa, da riguna, da kwalaben da na cika da ruwan zoɓo da na shuɗi da na gangamau. Har da hoton ƙasusuwan ɗan Adam na ciro daga bango na naɗe. Na hau motar haya daga Kebbe ina ta murmushi, har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko biki za ni.

Murmushin ya ƙare a bakin zaure na biyu. Ina ɗaga labule hasken ya kashe mini ido. Bangon nan duka fari fat, tun daga sama har ƙasa, ko ɗigon alli babu. Warin ɗanyar farar ƙasa ya cika wurin, ga bokiti da tsintsiya a gefe. Baba yana tsaye a tsakiya, hula a ƙeya, yana kallon aikinsa da jin daɗi.

Na ce, "Baba, ina rubutun?"

Ya ce, "Wanga ƙazanta? Shafi biyu nis sa anka yi mai, na farko bai rufe ba. Baƙuwa ta zo daga gwamnati ta ga bango awa na gidan mahaukata?"

"Baba, shi na aikin. Shi za a zo dubawa."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya tsoma baki a maganar manya. "Ni za ki koya ma duba aiki? Ba mai duba bango, ɗiyata. Abin da anka aza bisa tebur shi aka dubawa."

Na fita na yi ta neman Dakta a waya. Fakku a lokacin sai ka hau tudu kake samun layi, shi kuwa ko a birni ba mai ɗaukar waya ba ne. Da na samu ta shiga washegari, yana cikin mota tare da baƙuwar, ya ce mini sun wuce Dogon Daji. Na buɗe baki in faɗa, na kasa. Me zai yi da labarin a cikin mota ban da ya suma a kafaɗar mutane? Na ce masa Allah ya kawo su lafiya, na kashe.

Kafin azahar ƙofar gidanmu ta zama wurin biki. An kafa rumfa, an jera kujerun haya, an yanka rago. Tsofaffin abokan aikin Baba sun hallara cikin manyan riguna, kowa ya san inda zai zauna da lokacin da zai yi tafi. An sa wa ƙannena biyu fararen riguna, an tsayar da su a bayan tebur aka ce su ɗaure fuska. Baba yana ta leƙen hanya yana jiran jerin motoci.

Sai ga wata motar haya ta tsaya. Dakta ya fito, bayansa wata dattijuwa ƴar siririya da tabarau da takalmin roba, riƙe da jakar hannu da gorar ruwa. Baba ya gaishe ta sama-sama yana leƙen bayanta, yana neman manyan. Sai da Dakta ya ce, "Kawu, ga Farfesa," sannan ya yi firgigit ya gyara hula, ya shiga ranki shi daɗe ba ƙaƙƙautawa. Aka yi tafi. Ta dubi rumfa, ta dubi taron, ta tambayi Dakta a hankali ko an yi haihuwa ne a gidan.

Baba ya so a fara da jawabi, ta ce a yi mata afuwa, ita aikin take son gani. Ya shige gaba da kansa ya ɗaga labulen zaure.

Na daɗe ina jiran ganin fuskar Dakta, na kuwa gan ta, sai dai ba irin ganin da na so ba. Bai ko kalli madubina da kwalabena ba. Bangon ya tsura wa ido. Ya taka a hankali ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ɗago ya dubi farin da ya manne masa. Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Farfesa kuwa teburin take dubawa. Ta ɗaga kwalbar zoɓo ta jijjiga. Ta sunkuya ta leƙa madubin, ta ɗago, ta juya shi ta ga ko gilashi babu a ciki. Fuskarta ta canja.

Ta ce, "Waɗannan kayan daga ina?"

Baba ya matso da fara'arsa, ga tambayar da ya shekara yana amsawa. "Duk da kuɗɗin gwamnati anka saye su, ranki shi daɗe. Ko kwabo yaron ga bai ci ba."

Ta cire tabarau ta dubi Dakta. "Ban ga inda aka amince maka ka sayi kayan asibiti ba. In da tallafin aka sayi waɗannan, to magana ta tashi daga duba aiki, ta koma wani abu dabam. Gaskiya ne?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Na san ba zai taɓa buɗe baki ya ƙaryata kawun da ya rene shi a gaban abokansa ba, ko da kuwa za a ɗaure shi. Baba kuma ya fara gane cewa ya taka wani abu, amma bai san mene ne ba. In aka ƙara minti ɗaya a haka, aiki ya lalace.

Sai na tuna ni wace ce a gidan. Na matso na durƙusa na ce, "Ranki shi daɗe, taubashina na. Ni nik kwaso tarkacen ga daga wurin aikina don in ga idonai ya yi ja gaban baƙi. Baba ya iske su bisa tebur, ya ɗauka na Dakta na. Kwalbag ga zoɓo ta, in kina so in zuba miki."

Ta dube ni ta daɗe. Ina jin ta gane komai, domin idonta ya je kan Baba ya dawo. Amma ita ma Bahaushiya ce, ta san abin da ke tsakanin taubasai, ta kuma san darajar rufa wa dattijo asiri. Ta mayar da tabarau ta ce, "Allah ya shirye ki. Ni ma ina da irinki a gida." Aka yi dariya, Baba ya fi kowa ƙarfin dariya, yana share gumi da hannun riga.

Ta juya ga Dakta. "To, ina aikin?"

Ya nuna bango. "Yana ƙarƙashin nan, Farfesa."

"A cikin kanka fa, yana nan?"

"Ina jin yana nan."

"To bismilla."

Ya laluba aljihu ya ciro guntun alli, ya ja layi. Fari a kan fari, ba abin da ya fito. Na ruga cikin gida wurin da ake gasa rago, na cika tasa da gawayi na kawo. Baba yana ji yana gani aka ɗora baƙin gawayi a kan bangon da ya sha shafi biyu. Duk layin da Dakta ya ja sai Baba ya runtse ido.

Dakta ya saki jiki ya duƙufa a kan rubutu. Farfesa ta ja kujera ta zauna, can ta ture kujerar ta miƙe, can kuma sai ga ta da nata gawayin. Suka shiga wani yare da ba Hausa ba, ba kuma Turancin da na sani ba. Ta ce wani abu, ya girgiza kai, ya rubuta, ta goge da gefen hannu. Manyan baƙin Baba suka leƙo, suka ga ba ranar jawabi, suka koma rumfa suka far wa rago. Ƙannena suka tuɓe fararen riguna suka shanye zoɓon binciken. Aka yi la'asar aka dawo, suna nan. Ni da Baba kaɗai muka rage a bakin ƙofa, ba abin da muke fahimta, amma mun kasa tafiya.

Sun cinye bango ɗaya sun kai tsakiyar na biyu, Farfesa tana gyaɗa kai tana cewa ya ci gaba, sai Dakta ya tsaya cak. Ya ja da baya. Ya koma farkon bangon ya bi layukan da yatsa, ya dawo. Ya sake komawa.

Ta ce, "Wuce mana, wannan matakin ai a fili yake."

Ya ce, "A'a, Farfesa. Ba daidai ba ne." Da Hausa ya faɗa, shi ya sa muka ji. "Tun watannin baya na rubuta shi, kullum ina ganinsa a bango ina wucewa, ban sake tambayarsa ba. Yanzu da na zo gina shi daga tushe, ya ƙi tsayuwa. Na yi kuskure. Duk abin da na ɗora a kansa ya rushe."

Baba ya yi wani irin tari kamar ya haɗiyi ƙashi. Ya daka mini gwiwar hannu ya ce cikin raɗa, "Mi yac ce? Kuskure? Gaban mai duba aiki? Ita ba ta gani ba, shi ka nuna mata!" Sai ya ɗaga murya, "Ranki shi daɗe, abinci na hucewa! Yaron ga yunwa ta, bai karya ba. A ci tukuna, kuskuren shi tahi."

Ba wanda ya kula shi. Dakta ya zauna a ƙasa, ya jingina da bangon, gawayi ya ɓata masa riga. Ban taɓa ganinsa haka ba. Duk tsiyar da na tanada na shekara guda ta gudu daga bakina, hawaye ne kawai suka cika mini ido. Da ya yi shiru ya wuce, da ba wanda zai sani ran nan, wataƙila har a sa masa hannu. Ga shi da bakinsa ya sayi tikitin Legas.

Farfesa ta daɗe a gaban layin. Can ta ce, "Ka yi gaskiya. Ni ma ya wuce ni." Ta zana da'ira ta kewaye wurin. "Tashi. Gaya mini me ya sa ya ƙi."

Ya tashi da ƙyar. Suka sake dulmiya, amma yanzu a wuri ɗaya suke ta haƙa. Daf da magariba na ga Farfesa ta buga tafi ɗaya tana dariya, hancinta da goshinta duk gawayi. Abin da Dakta ya fassara mini daga baya shi ne, rabin aikin ya tsira. Amsar guda ce in an cika wani sharaɗi. In ba a cika ba kuwa, ba wanda ya sani, kuma kafin ran nan ba wanda ya ma san akwai rami a wurin.

Da ta zauna cin abinci, Baba ya kasa daurewa. Ya matso ya rage murya. "Ranki shi daɗe, a yi mai sassauci. Maraya na. Abin da yaf faɗi ɗazu a bar shi tsakaninmu, ba sai an kai sama ba."

Ta ajiye cokali. "Alhaji, ai shi zan fara kaiwa. Zan ba da shawara a ci gaba da tallafa masa."

Baba ya saki baki. "Mutum shi ce ya yi kuskure, sannan a ƙara mai?"

Ta ce, "Dukiyar jama'a ce ake kashewa a kansa. Jama'a ba za su iya duba wannan bangon ba, ni kaina da aka aiko kun ga ya wuce ni. In shi bai faɗa ba, wa zai faɗa? Wani zai zo ya ɗauki abin a matsayin gaskiya ya yi gini a kai, wani ya ɗora a kan nasa. Ba mu da wani jari a wannan sana'a sai mutumin da zai tona kansa da kansa."

Baba ya miƙe. Ya raka ta har mota, ya sa aka saka mata ƙullin fura da man shanun da gwaggo ta aiko daga Fakku, ya dawo ya shige ɗakinsa.

Washegari da safe Dakta ya ɗebo ruwa a bokiti zai wanke bangon, don ya riga ya kwashe komai ya zuba a kwamfuta, wannan karon har da ɗanyen. Baba ya fito ya daka masa tsawa ya ce kada ya kuskura. Ya sa ya nuna masa da'irar da Farfesa ta zana. Ya tsaya ya ƙare mata kallo, hannu a baya, kamar yana karantawa.

Bayan ƴan makonni aka bugo waya aka tabbatar an sabunta tallafin. Maganar Legas ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da na riƙa gani duk lokacin da na zo hutu daga Kebbe. Duk baƙon da ya shigo gidanmu, ko mai sayar da itace ne, sai Baba ya ja shi zaure na biyu, ya wuce duk rubutun da ke daidai, ya ɗora yatsa a kan da'irar nan ya ce da alfahari, "Kun ga nan? Nan na ɗana yay yi kuskure. Farfesa guda ba ta gani ba, shi yag gani."

Ni dai ban daina yi wa Dakta tsiya ba, kuma ba ni da niyya. Amma tun daga ran nan, in masu duba aiki suka zo asibitinmu, kafin su zauna nakan kai su wurin firjin rigakafin da ke mutuwa da rana, da rufin kwanon ɗakin haihuwa da ke yoyo. Abokan aikina sun yi ta jin haushina da farko. Abin da na koya shi ne, aikin da jama'a suka ba ka amana ba a yi masa kwalliya don mai dubawa. Wurin da ya lalace shi ya fi cancanta a fara nunawa, domin mai duba aiki zai hau mota ya tafi, mu ne za mu kwana da abin da muka ɓoye.